Taga Da Ƙofa: Izini Biyu Kafin A Fasa Bango

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya gidaje su zama sutura da wurin natsuwa ga 'yan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatun wannan fili, makon nan za mu jingine bayanin da mu ke tafe da shi a kan hukunce-hukuncen ciniki, domin mu amsa wata wasiƙa da ta iso mana daga wani ɗan'uwa mazaunin ƙasar Ingila. Da farko mun yi niyyar mu ba shi amsa shi kaɗai, amma da muka sake duba tambayar sai muka ga ashe ta shafi attajirin da ke gina bene a cikin birni, ta kuma shafi ma'aikacin da ke sa hannu a takardar ginin.

Ɗan'uwan ya ce Allah Ya hore masa ya sayi gida a wata tsohuwar unguwa. Tagogin gidan na katako ne, sun tsufa, iska tana kutsowa ta gefensu lokacin hunturu, kuɗin ɗumama ɗaki kuwa sai ƙaruwa ya ke yi. Saboda haka ya yi niyyar ya cire su ya sa na roba irin na zamani, ya kuma canja ƙyauren ƙofar gaba. Da ya kira mai aikin, sai ya shaida masa cewa unguwar tana cikin waɗanda hukuma ta keɓe don adana tarihi, kuma a layin nasu ba a taɓa taga ko ƙofar da ke duban titi sai da takardar izini. Sai wani abokinsa ya ce masa, gida nasa ne, kuɗi nasa ne, dokar kuma ba ta Musulunci ba ce, ya sa a yi aikin ranar hutu, wa zai sani? Abin da ya ke tambaya shi ne, idan ya bi shawarar abokin nan, yana da laifi a wurin Allah?

Amsa a taƙaice ita ce, kada ya bi shawarar nan, ya je ya nemi izini. Amma da ya ke hukunci ba ya zama a zuciya sai an san dalilinsa, bari mu fara da ita dokar, sa'an nan mu duba abin da malamanmu suka faɗa.

YADDA DOKAR TA KE

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta rushe tsofaffin unguwanni a garuruwan Ingila ana shimfiɗa tituna da manyan gine-gine. Dokar da ke akwai a lokacin gini ɗai-ɗai ta ke karewa, watau a tsare wani tsohon gida guda, alhali maƙwabtansa duka an baje su. A shekarar 1967 wani ɗan majalisa mai suna Duncan Sandys ya kawo doka wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon su shata unguwa sukutum su ce kamanninta abin kiyayewa ne. Garin Stamford, mai gidajen dutse, shi aka fara keɓewa a wannan shekara. Yau irin waɗannan unguwanni sun kai wajen 10,000 a Ingila, kuma dokar 1990 ita ce ta ke tafiyar da sha'aninsu.

To, ba kowane gida ne a cikin keɓaɓɓiyar unguwa ya ke bukatar izini kafin a canja taga ba. Asali an yafe wa mai gida ƙananan gyare-gyare, muddin sabon abin ya yi kama da tsohon. Amma akwai hali uku da wannan sauƙi ba ya aiki. Na farko, idan ƙaramar hukuma ta fitar da umarnin da su ke kira na sashe na 4, wanda ke janye sauƙin daga wani layi ko wata unguwa, to taga da ƙofa da ke duban titi sai da izini. Da alama wannan ne ya sami mai tambayarmu. Na biyu, idan mutum sashe guda ya mallaka a cikin bene mai gidaje da yawa, ba shi da wannan sauƙi tun farko. Na uku, wanda ya fi tsanani, idan an sa gidan kansa cikin rajistar gine-ginen tarihi, to canja kamanninsa ba da izini ba laifi ne wanda zai iya kai mutum ga tara mai nauyi, ko ɗauri har na shekara 2.

Wani zai ce, me taga ta tsare musu haka? Dalilinsu shi ne, fuskar gida tagoginta ne da ƙofarta. Idan gida 40 suka jeru da taga iri ɗaya, wannan ya canja nasa bana, wancan ya canja baɗi, kafin shekara kaɗan layin ya zama wani abu dabam ba tare da an rushe ko bango ɗaya ba. Binciken da hukumarsu ta kula da kayan tarihi ta yi a shekarar 2009 ya nuna tagogi da ƙofofin roba su ne kan gaba cikin abubuwan da ke ɓata kamannin waɗannan unguwanni.

Mai neman izini ya kan kai zanen abin da zai yi, ya biya kuɗin da aka yanka. Hukuma ta sanar da maƙwabta, ta ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, ita kuma a bisa ƙa'ida ta yanke hukunci cikin mako 8. Idan an hana shi, yana da damar ɗaukaka ƙara. Wanda kuwa ya yi gaban kansa, a kan aiko masa da takardar umarni ya cire abin da ya sa, ya mayar da gidan yadda ya ke, da kuɗinsa. In ya ƙi, magana ta kai kotu. Da can, idan aiki ya shekara 4 ba a kama shi ba, shi ke nan ya zauna, amma tun watan Afrilu na 2024 an mayar da wa'adin shekara 10. Gidan da ke cikin rajista kuwa ba shi da wa'adi sam.

ABIN DA MALAMANMU SUKA FAƊA

Abokin da ya ce dokar taga baƙuwa ce ga Musulmi, da alama bai kai ƙarshen Risala ba. Shehu Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu shekarar 996 Miladiyya, da ya kawo hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da rama cuta, misalan da ya fara bayarwa su ne buɗe taga ta kusa wadda za a riƙa leƙen maƙwabci ta cikinta, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cuce shi, ko da a cikin mallakar mai haƙan ne. A lura da wannan ƙarshen. Kasancewar bango naka ne bai sa duk abin da ka yi da shi ya halatta ba.

Maganar ta girmi Risala. A cikin Mudawwana ta Imam Sahnunu an ruwaito cewa an kai wa Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutum da ya gina soro sama da maƙwabcinsa ya fasa taga. Sai ya yi umarni a ajiye gado a gindin tagar, mutum ya hau ya tsaya. Idan yana iya hango cikin gidan maƙwabcin, a toshe ta, in ba ya iyawa, a bar ta. Ga ma'auni mai sauƙi wanda kowane magini zai iya gwadawa ba sai ya je makaranta ba. Abin sha'awa, dokar Ingila ta yau tana da sharaɗi mai kama da wannan ga gidaje baki ɗaya: sabuwar tagar bene da ke gefen gida sai a sa mata gilashi mai dishi-dishi wanda ba a gani ta cikinsa, kuma kada ta buɗu sai ta ɓangaren da ya ɗara mita 1.7 daga daɓen ɗaki. Ba mu ce sun ɗauko daga wurinmu ba. Abin da mu ke cewa shi ne, duk inda mutane suka zauna bango da bango, hankali ya kan kai su ga wannan iyaka.

Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tattara waɗannan hukunce-hukunce a Muhtasar, a ƙarshen babin tarayya. Alƙali yana hukunta a toshe sabuwar tagar da ke tona maƙwabci, kuma toshewa ta gaskiya, ba a kafa wani abu ta bayanta a bar gurbinta ba, don kada wata rana a buɗe a ce tsohuwa ce. Amma tagar da maƙwabci ya tarar da ita tun kafin ya yi nasa ginin, masu sharhi sun ce ba a toshe ta, sai a ce masa ya yi wa kansa sutura. Haka kuma ana hana hayaƙi mai cutarwa, da warin jima, da ɗaure dabbobi jikin bangon wani, da buɗe kanti daura da ƙofar gidan mutum. 'Yan kasuwa su riƙe wannan na ƙarshe, domin kanti wurin zama ne, mai kanti da baƙinsa sun wuni ke nan suna ganin mai shiga da mai fita.

Game da ƙofa kuwa, malamai sun bambanta tsakanin hanya mai ɓullewa da lungun da ba ya ɓullewa. A hanya mai ɓullewa, mashahurin zance shi ne mutum yana iya buɗe ƙofarsa, ko da ya ke waɗansu sun sharɗanta ya goce daga ta maƙwabcinsa. Lungun da ba ya ɓullewa kuwa kamar mallakar mutanen cikinsa ne gaba ɗaya, sabuwar ƙofa a cikinsa sai an gotar da ita. Har wanda zai hau dabinonsa an ce ya yi sanarwa tukuna, don mutanen gidan da zai hango su kintsa. A birnin Tunis an yi wani magini a ƙarni na 14, Ibn ar-Rami, wanda alƙalai su ke aikawa ya duba rigimar bango da taga da magudanar ruwa, ya kuwa rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini kaɗai. Shi ma Ibn Asim, mai Tuhfa wadda alƙalanmu suka sani, ya kawo cewa wanda aka ƙago wa cuta yana nan zaune, ya yi shiru shekara 10 ba da wani uzuri ba, ƙararsa ta faɗi, ko da ya ke akwai saɓani a cikin mas'alar.

Tushen duk wannan shi ne haƙƙin maƙwabci da alfarmar gida. Suratun Nisa'i, aya ta 36, ta sa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidan wani sai da izini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izinin. Ashe ke nan wanda ya fasa taga a kan tsakar gidan wani ya shiga gidan ba da sallama ba, kuma kullum ya ke shiga.

INDA AKA RABU

Kada a ɗauka dokokin nan biyu abu ɗaya ne. Dokar keɓaɓɓiyar unguwa fuskar gini ta ke tsarewa, abin da mai wucewa a titi zai gani. Fiƙihunmu kuwa ya fi damuwa da mutanen da ke bayan bango, kada a gan su. Turawan Ingila suna da tsohuwar doka tun 1832 wadda ta ba tagar da ta shekara 20 tana shan haske haƙƙin kada a tare mata shi, alhali a mashahurin zancen Malikiyya ba a hana mutum ɗaga gininsa don ya tare wa maƙwabci rana ko iska, sai a waɗansu wurare da aka togace. Kuma Shari'a ba ta wajabta wa kowa ya bar tagarsa da katako don kakanninsa sun yi haka ba.

To, in haka ne, me ya ɗaure mai tambayarmu? Abu huɗu ne. Na ɗaya, sa tagar katako ko ta roba duka halal ne, hukuma kuwa tana da ikon taƙaita halal don amfanin jama'a, muddin ba ta umarci mutum da saɓon Allah ba. Babu saɓo cikin barin taga yadda ta ke. Na biyu, Musulmin da ya shiga ƙasa da izinin mutanenta, ya sayi gida a ƙarƙashin dokarsu, ya ɗauki alkawari ke nan, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa umarni ce da cika alkawari, ba ta ware wanda aka yi da Musulmi kaɗai ba. Na uku, yin aikin a ɓoye jefa dukiya ne cikin halaka, an kuwa hana mu tozarta dukiya. Mutum ya biya kuɗin sawa, ya biya na cirewa, ya biya na mayarwa, garin neman gira ya rasa ido. Na huɗu, ran da ya tashi sayar da gidan, ko dai ya bayyana wa mai saye cewa tagogin ba su da izini, farashi ya faɗi, ko ya ɓoye, ya faɗa cikin algus, domin ɓoye aibin haja haramun ne, gida ne ko buhun gero.

Ba mu raina kukansa ba, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sanyin ƙasar nan ba wasa ba ne, tagar katako kuma ta fi ta roba tsada, dokar tana yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi. Amma akwai hanyoyin halal. Ya fara zuwa ofishin ƙaramar hukuma ya tambayi jami'in da ke kula da unguwannin tarihi, matambayi ba ya ɓata. Sau da yawa kafinta yana iya gyara tsohuwar taga ya toshe kafofin iska, gyaran da bai canja kamanni ba kuwa ba ya bukatar izini. Yana iya ƙara gilashi na biyu daga ciki, idan gidan ba ya cikin rajista. In suturar iyali ce ta dame shi, labule ya wadatar. In kuma ya nemi izini aka hana shi a kan abin da ya ke ganin zalunci ne, ya ɗaukaka ƙara a fili, wannan haƙƙinsa ne.

MU DAWO GIDA

Mun ce tambayar ta shafe mu, ga ta inda ta shafe mu. Maginan ƙasar Hausa na da, ko sun karanta Halilu ko ba su karanta ba, da hukuncinsa su ke gini. Dubi tsohon gida a birnin Kano ko Zariya ko Katsina. Daga waje zaure ne, ƙofarsa ta ciki ba ta saitin ta waje, sai ka karkata kafin ka isa shigifa, balle cikin gida. Tagar soro 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, haske ya shiga, ido ba ya fita. A Agadas ma, wadda aka sa tsohon birninta cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013, gidajen ƙasa da lunguna irin waɗannan suna cikin abin da aka ga ya cancanci a adana.

Yau kuwa sai Allah Ya buɗa wa mutum, ya sayi gida a tsakiyar lungu, ya rushe, ya ɗaga bene hawa biyu ko uku, ya jera manyan tagogi ta kowace fuska. Maƙwabcinsa talaka, wanda matansa ke girki da wanki a tsakar gida, makewayinsa kuma ba rufi, ya wayi gari gidansa ya zama kasuwa. Matan da a da ke sakewa a cikin gidansu yanzu sai da mayafi su ke tsallaka tsakar gida. In ya yi magana a ce hassada ce. In ya kai ƙara a nuna masa takarda mai hatimi. Sau da yawa kuma kunya da nauyin Alhaji su kan hana shi buɗe baki, ya bar wa Allah. Wannan barin shi ne abin tsoro.

Ya kai attajiri, takardar ofis ba ta halatta maka abin da Shari'a ta haramta. Kafin a fasa bango, ka hau inda tagar za ta kasance, ka sa benci ka tsaya a kai, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi umarni. Idan ka hango tukunyar maƙwabcinka, ka ɗaga tagar sama, ko ka juya ta, ko ka sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. Idan kanti za ka fitar daga zaurenka, ka dubi ƙofar da zai fuskanta. Kuɗin wannan gyara bai kai na tayil ɗin ɗaki ɗaya ba. Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Manzon Allah wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a ba shi gado, kai kuwa ba a ce ka ba shi gado ba, cewa aka yi ka bar masa suturarsa.

Ya kai ma'aikacin tsara gari, hatimin da ke hannunka amana ce. Zanen da aka kawo maka yana nuna tsawon taga da faɗinta, amma ba ya nuna tsakar gidan da za ta leƙa. Ka tashi ka je wurin, ka tambayi mai unguwa da maƙwabta. Idan aka miƙo maka wani abu don ka rufe ido, ka tuna la'anar da ta zo a hadisi a kan mai ba da rashawa da mai karɓa, ka kuma tuna cewa idon da ka rufe na yini ɗaya ne, tagar kuwa za ta zauna a buɗe har bayan ranka.

Shi kuma maƙwabcin da ya ga ana ɗaga gini a kansa, kada ya jira sai an yi fenti. Ya yi magana tun ana kan tubali, cikin ladabi, ta hannun liman ko mai unguwa. Gyara a lokacin ya fi sauƙi ga kowa, kuma mun riga mun ji abin da malamai suka ce game da wanda ya daɗe yana shiru.

Saboda haka, ɗan'uwanmu na Ingila da mu da ke gida, izini biyu ne a kanmu kafin mu taɓa taga ko ƙofa. Akwai na hukuma, wanda a ke nema a ofis, akwai kuma na Shari'a, wanda ba a samunsa sai an tabbata ba a cuci maƙwabci ba. Yardar maƙwabci ba ta ɗauke maka zuwa ofis, takardar ofis kuma ba ta ɗauke maka haƙƙin maƙwabci. Allah Shi ne mafi sani.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan bayanin ciniki daga inda muka tsaya. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya sa mu zama maƙwabtan kirki, amin. Wassalamu alaikum.